Tambayoyi da amsoshi kan waya, caji, data da layi

Duk wanda ya ɗan zauna a rumfar mai gyaran waya, a Farm Centre ne ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, zai lura koken masu kawo waya kusan ɗaya ne: batir ba ya riƙe caji, data na zurarewa, wuri ya cika, an yi awon gaba da layi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yawan yi. Lambobin dannawa da aka kawo na Najeriya ne, mai karatu a Nijar ko Ghana sai ya nemi na kamfaninsa.

Wai sabuwar waya sai an yi mata cajin awa takwas kafin a fara aiki da ita?

A'a. Wannan shawara ta zamanin baturan nikel ce, waɗanda suke son a cika su fal a kuma ƙarar da su kaf. Baturan yau na litiyom ne, ba su da wannan hali. Ka ciro ta daga kwali ka kunna, ka ci gaba da harkarka. Haka nan masu cewa a bari sai ta mutu murus kafin a jona ta, su ma sun yi kuskure, wannan ma gajiyar da batir yake yi. Ya fi jin daɗi tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Amma fa inda wuta ba ta da tabbas, in NEPA ta kawo ka cika abinka, kar ka tsaya lissafi.

To me ke kashe batir da wuri?

Zafi ne kan gaba, kuma shi muka fi rainawa. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran kamfanonin ma ba su yi nisa da haka ba. A Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, watan Afrilu yakan haura 40 ko a inuwa. Ke nan tun kafin ka taɓa wayar tana cikin wahala. Sai a ɗora ta a gaban mota rana na dukanta ta gilashi, ko a jona ta a tura ƙarƙashin filo, ko a riƙa kallon TikTok tana caji, ga kuma robar baya mai kauri da ta hana zafin fita. Caji na kawo zafi, kallo na kawo zafi, in sun haɗu da na gari batirin da ya kamata ya yi shekara uku sai ya fara kasawa tun bai rufa ɗaya ba.

Ko da an kula, batir yana tsufa. Galibin na waya, bayan cikawa da ƙarewa kamar sau 500, ƙarfinsu yakan koma wajen kashi 80 na asali. Wannan ba lalacewa ba ce, a canja batir kawai ya wadatar, ba sai an sayi wata waya ba.

Abin da ba a wasa da shi shi ne kumburi. In ka ga murfin baya ya ɗaga, ko gilashin gaba ya fara rabuwa da jiki ta gefe, batir ne ya tara iska a ciki. Kar ka danne shi, kar ka huda shi da allura wai iskar ta fita, yana iya kamawa da wuta nan take. Kashe wayar ka kai a cire shi.

Kai waya wurin masu caji yana lalata ta?

Ya danganta da wurin. Ka san yadda shagon yake: katako jere da soket, cajoji rututu, a manna wa wayarka 'yar takarda mai lamba a ba ka ɗaya, ƙaramin inji na ruri a bayan rumfa. Matsalar ba injin kaɗai ba ne, ko da yake wutarsa na hawa da sauka duk sanda aka ƙara masa kaya. Cajojin ne galibi na araha, sannan a jera wayoyi wata kan wata suna dafa juna. In dole ne, ka tafi da cajarka, ka kashe wayar kafin ka miƙa ta. Wanda ya fi wannan, ka sayi fawa bank ka riƙa kai shi, waya ta kwana a hannunka. Ko ba don batir ba, don layin da ke cikinta.

Fawa bank ɗina 10,000mAh ne, batirin wayata 5,000mAh, amma ba ya cika ta sau biyu. An cuce ni?

Ba lallai ba. Batirin cikinsa yana aiki da bolt 3.7, sai an ɗaga shi zuwa 5 kafin ya shiga waya, a nan ake asarar wani kaso, wani kuma ya tafi a zafi. Wajen kashi biyu cikin uku ne yake isa wayar. Sau ɗaya da ɗan ƙari shi ne daidai. Wanda aka cuta shi ne mai ɗauke da wani ɗan ƙaramin abu shafal da aka rubuta wa 50,000. Batir nauyi gare shi. Shi ya sa wasu masu jabun har yashi suke durawa a ciki.

Zan iya amfani da cajar wata waya? Kuma me ya sa sai na murɗa igiyar kafin ta kama?

Za ka iya, muddin caja ce ta kirki. Waya ce ke jan abin da take buƙata, caja mai ƙarfi ba ta ɗura mata fiye da kima. Saurin caji ne kawai ba za ka samu ba sai kan cajar da igiya da waya sun dace. Yanzu ma bakin caji ya kusa zama ɗaya, USB-C, tun da Tarayyar Turai ta wajabta shi daga ƙarshen 2024, har iPhone ta koma kansa daga lamba 15 a 2023.

Batun murɗa igiya kuwa, kafin a ce maka a canja bakin caji, haska cikinsa da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a ciki har su hana kan igiya shiga sosai. Kashe wayar, ka sa siririn tsinke na itace ka zaƙulo a hankali. Ban da allura, ban da fil, ƙarfe na iya haɗa wayoyin ciki.

Ta faɗa ruwa. In binne ta a shinkafa?

Bar shinkafa a tukunya. Ba ta janyo ruwan da ya riga ya shige ciki, garinta kuma yana toshe ramuka, Apple ma ya fito ya hana. Kashe ta nan take, cire sim da memori, goge ta, kar ka gwada kunnawa, kar ka jona caji. Kai wa mai gyara a ranar ya buɗe ya wanke fanel da sifirit. Waya takan tashi bayan ta sha ruwa mutum ya yi hamdala, bayan sati biyu ta mutu, saboda tsatsa na cin ta a ciki. Ruwan miya, shayi da ruwan kwata sun fi na famfo ɓarna.

Data tana ƙarewa kamar ana zuƙe ta. Ba kamfani ne ke sata ba?

Kafin ka yi rantsuwa, tambayi wayar. A setin akwai wurin da take lissafa abin da kowace manhaja ta ci a wata. Mafi yawan lokaci in aka buɗe, sai mai ƙorafi ya yi shiru, domin ɓarawon yana cikin gida.

Bidiyo ne babban maciyi. Rubutu da saƙon murya ba sa cin komai in aka kwatanta, amma awa ɗaya ta bidiyo mai tsabta tana iya lashe gig ɗaya ko fiye. Facebook da Instagram suna kunna bidiyo da kansu kana wucewa, TikTok kuwa yana sauke na gaba tun kana kallon na yanzu. WhatsApp, in ba ka hana shi ba, duk hoton da aka jefa a zaure zai kwaso, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Play Store, in an ba shi izinin amfani da data, yana sabunta manhajoji da kansa. In kuma ka buɗe wa kwamfuta hotspot, Windows za ta ɗauka ta samu intanet na kyauta ta fara sauke nata kayan, gig biyu su tafi kana shan shayi.

Akwai wani abu da ke rikita mutane: da suka koma 4G sai data ta fi saurin ƙarewa. Ba don 4G na da tsadar awo ba ne. Idan hanya ta yi sauri, YouTube da ire-irensa suna ɗaga kyan hoto da kansu, kyan hoto kuwa data ne. Mayar da shi 360 ko 480, a fuskar waya bambancin kaɗan ne.

Kuɗin ma ya ƙaru da gaske, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50. Don duba ragowar data a kowane layi, *323#. Idan lissafin waya da na kamfani sun yi hannun riga sosai, kira 300 ka shigar da ƙara ka karɓi lambar ƙorafi. In ba a share maka hawaye ba, 622 layin NCC ne, kyauta.

Kati fa? Ina sawa sai in ga ana gutsura ba tare da na kira kowa ba.

Yawanci wani tsari ne aka shigar da kai, waƙar kira ko sakamakon ƙwallo ko wasa, sau da yawa ta wani talla da ya faɗo a fuskar waya yaro ya danna. *305# na nuna su a kuma soke su. Saƙonnin talla kuma, tura STOP zuwa 2442.

Sandunan sabis cike suke, amma intanet ba ya motsi. Me ke faruwa?

Sandunan suna gaya maka kusancinka da turken sadarwa ne kawai, ba sa gaya maka mutum nawa ne a kansa. Kamar rijiyar burtsatse ɗaya ce a unguwa: kana iya zama maƙwabcinta, amma da yamma layin jarkoki ne. Shi ya sa bayan isha'i komai ke tsayawa, da asuba kuma ya yi ta gudu, shi ya sa kuma kamfanoni ke sayar da datar dare da araha.

Wani lokaci matsalar tana can nesa. Masu aikin titi su tsinke igiyar faiba da ke binne, ko man injin turken ya ƙare. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da intanet suka rikice daga Abidjan har Legas. Wani lokaci kuma da gangan ne, kamar yadda aka katse sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro. Abin da ke hannunka kaɗan ne: sa alamar jirgi na 'yan daƙiƙu ka cire, ko ka gwada ɗaya layin. Idan kullum haka unguwarku take, tun 2013 ana iya sauya kamfani ba tare da an rasa lamba ba.

In sayi waya mai 5G?

In kuɗin ya kai ba laifi, amma kar ka matsa wa kanka. MTN ya fara shi a 2022, Airtel a 2023, kuma har yanzu a wasu unguwanni na manyan birane ya fi samuwa. 4G mai kyau ya ishi duk abin da yawancinmu ke yi. Zancen cewa 5G ne ya kawo korona kuwa ƙarya ce, 'yar uwar jita-jitar 2004 ta lambar da wai in ka amsa kiranta za ka mutu.

An ce wayata gig 64 ce, ga shi tana ta kukan wuri ya cika.

Tun daga kamfani tsarin wayar da manhajojin da aka zuba mata sun riga sun cinye wani kaso. Sauran kuma, je ka duba WhatsApp. Zauren dangi, na 'yan aji, na masallaci, na siyasa, hoton barka da Juma'a iri ɗaya daga mutum goma, wa'azin awa guda da aka turo ta zaure huɗu. A setin ɗin WhatsApp akwai inda aka rubuta Manage storage, yana jero manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, a nan za ka share su lokaci guda. Duba kuma jakar Xender, fina-finan da aka tura maka bara suna nan.

Manhajojin da ke alƙawarin share waya da ƙara mata sauri, a ganina, sun fi cutar da suke cewa suna magani illa. Talla suke zubawa, batir suke ci. Files na Google ya wadatar.

Memori kuma a kiyayi na bakin titi. Akwai wanda ake rubuta wa 128 alhali cikinsa 8 ne, an yi masa dabara waya ta ga babba. Zai yi ta karɓar kaya, ranar da ka je buɗe hotunan biki ka tarar sun zama fanko. Araha ba ta ado.

A kwali an rubuta RAM 8+8 da kyamara 108. Me zan duba in zan sayi waya?

RAM shi ne wurin da waya ke riƙe aikin da take yi a lokacin, kuma takwas ɗin farko ne na gaske. Na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma bai kai na asali sauri ba ko kusa. Yawan megafiksel ma ba shi ne kyan hoto ba, girman idon kyamarar da yadda wayar ke sarrafa hoton sun fi tasiri. Gwada ɗaukar hoto a cikin shago inda haske ya yi ƙaranci, a nan ake gane ta. Wasu ramukan kyamara uku ko huɗu da kake gani a bayan ƙananan wayoyi, ɗaya ne ke aikin kirki.

Abin da zan fi dubawa: RAM na gaske kar ya gaza 4, ma'ajiya 128 in da hali, sannan ko ana samun gilashinta da batirinta a kasuwar garinku. Wannan na ƙarshen ne mutane ke mantawa. Tecno, Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a Sin, kuma ɗaya daga dalilan da suka mamaye kasuwarmu shi ne kowane mai gyara yana da kayansu. Raunin ƙananan wayoyi irin waɗannan shi ne ba a daɗe ana aiko musu da sabuntawa. Samsung da Google sun yi wa manyan wayoyinsu na baya-bayan nan alƙawarin shekara bakwai, amma kuɗinsu ma na daban ne.

Ina son sayen ta hannu. Yaya zan kauce wa ta sata?

Danna *#06#. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wannan wayar ita kaɗai. Ta dace da ta jikin kwali, a kuma rubuta maka ita a rasit mai sunan shago. Wanda ya tare ka a bakin kasuwa yana waige-waige, ba kwali ba rasit, farashi rabin na kasuwa, ka ba shi hanya. Da wannan lamba ake bin sawun waya, kuma a hannun wanda aka same ta shi ne zai fara amsa tambaya a ofishin 'yan sanda. In aka yi rashin sa'a wayar ƙwace ce da aka zubar da jini a kanta, maganar ta wuce ta kuɗi. Ƙwacen waya yana ci ne saboda akwai masu saye.

Sannan mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, a goge wayar a tashe ta sabuwa kana kallo. In ta tsaya tana neman asusun wani, kar ka biya. Gwada kira, lasifika, kyamara biyu, caji, sim biyu, ka kuma bi kowane lungu na gilashin da yatsa. Waɗanda ake ce wa Landan-yus da yawa an canja musu gilashi ko batir kafin su iso, ba aibu ba ne in an faɗa maka an kuma rage kuɗi.

An sace wayata. Me zan fara yi?

Layi, kafin komai. Wayar ta tafi, ka bar jimaminta zuwa anjima. A yau abin da ya fi tsada a cikinta shi ne ɗan guntun sim ɗin nan. Da shi aka yi maka BVN, da shi aka haɗa NIN ɗinka tun umarnin Disambar 2020, ta kansa banki ke turo lambar tabbatarwa, ta kansa ake tura kuɗi da lambobin dannawa ko babu intanet. Ɓarawon da ya san aikinsa bai damu da kullen fuskar wayarka ba. Zare sim zai yi ya sa a ƙaramar waya mai tocila, ya binciko bankinka, ya fara gwada sa'a. Wani ma har bashi zai ci da sunanka.

Saboda haka ari wayar na kusa da kai ka kira kamfanin layi su rufe shi, ka kira banki su dakatar da asusu. Kowane banki yana da lambar rufe asusu da ake dannawa daga kowace waya, nemi ta bankinka yau ka rubuta a takarda. Washegari ka je ofis da NIN a yi maka walkam-bak, sabon sim da tsohuwar lamba. Da ka mayar da WhatsApp a kansa, na hannun ɓarawo zai fita. Daga nan ka shiga asusunka na Google ko iCloud ta wata na'ura, ana iya ganin inda wayar take, a kulle ta ko a goge ta. Sai rahoton 'yan sanda da IMEI.

Abin da zai rage duk wannan gudu bai kai minti biyu ba: sa wa sim ɗinka PIN. Ba kullen fuska ba, na sim ɗin kansa, yana cikin setin ɗin tsaro. Da an zare shi an sa a wata waya zai nemi lambar. Amma a kula, kuskure uku yana kulle shi sai da PUK, wadda ke jikin katin da sim ya zo a ciki, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu. Kar ka yi ta cinke, in ba ka san PIN ɗin asali ba tambayi kamfani.

Ina da tsohon layi da na daina amfani da shi. Akwai matsala?

Akwai, in banki ko WhatsApp ko Facebook suna kansa. Layin da ya daɗe a kwance kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani, alat ɗinka ya koma shiga wayar baƙo. Ko dai ka riƙa sa masa ɗan kati kana kira, ko ka je banki a sauya lambar.

Yaya ake sace WhatsApp ɗin mutum alhali wayarsa na hannunsa?

Da bakinsa ake sacewa. Kira zai shigo, murya a natse: "Salamu alaikum Alhaji, daga zauren tsofaffin ɗalibai ne, za mu yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, karanto min in sa sunanka." Ya san sunanka, ya san zauren, domin ya riga ya shiga ta asusun wani ɗan zauren. Lambar nan mai alƙaluma shida ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana karantowa an fitar da kai. Kafin la'asar ƙannenka da abokan kasuwancinka sun samu saƙo da sunanka: "Don Allah taimaka min da dubu hamsin zuwa gobe, asusuna ya samu matsala."

Babu taro, babu tallafi, babu ma'aikacin da ke buƙatar wannan lamba. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a setin, ka zaɓi PIN naka, ka sa imel. In an riga an sace, sake rajistar lambarka a WhatsApp, ka kuma buga wa mutanenka waya ka sanar da su. In kai aka turo wa roƙon kuɗi, kira mutumin ka ji muryarsa.

GB WhatsApp fa? Ya fi na asali abubuwa.

Ya fi, amma ba kamfanin WhatsApp ne ya yi shi ba, saƙonninka suna bi ta manhajar da ba ka san mai ita ba, kuma ana rufe lambobin masu amfani da shi. Ganin saƙon da aka goge bai kai asarar lambar kasuwancinka ba.

Ina sayar da kaya, ana biyana ta tiransifa. Yaya zan gane alat na bogi?

Saƙon tes ba shaida ba ne, hoton rasit ma ba shaida ba ne, duka ana ƙirƙirarsu. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun hau kan balas kafin kaya su bar shago. Mai gaskiya zai jira. Mai cewa "Hajiya ga shi ya fita daga wajena, netwok ne, sauri nake" shi ne za ki fi riƙe wa kaya.

A nan ne ya dace a ambaci manhajojin bashi. Waɗanda ke neman izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka, don ranar da ka makara su tozarta ka wajen surukai suke nema. Google ya hana su wannan izini a Play Store tun 2023, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC kuma tana yi wa masu halal rajista. Wadda aka turo maka ta mahaɗi a WhatsApp ba ta bi ta ko ɗaya ba.

Mai gyara ya ce in ba shi lambar buɗe waya, wani kuma ya ce sai an yi filashin.

Canjin gilashi, batir ko bakin caji ba ya buƙatar lambarka, in ya gama ka buɗe da kanka a gwada. Cire sim da memori kafin ka bar ta. Filashin kuwa yana share komai, hotuna, lambobi, saƙonni, kuma wasu suna gaggawar yin sa don ya fi binciken matsala sauƙi. Tabbatar lambobinka suna kan asusun Google, ka kuma san faswod ɗin asusun, domin bayan filashin wayar za ta nema. Da yawa a shago aka buɗe musu imel ranar da suka sayi waya, ba su taɓa sanin me aka sa ba. In kana cikinsu, canja shi yau.

Waya tana sauraron hirarmu ne? Muna maganar atamfa sai ga tallar atamfa.

Ba ta buƙatar saurare. Ta san abin da ka nema, shafin da ka tsaya a kai, inda kake kwana, da waɗanda kuke tare. In uwargida ta nemi atamfa a wayarta kuma kuna gida ɗaya, tallar na iya biyo ka. Duk da haka shiga setin ka ga manhajojin da ka ba izinin makirfo da wuri. Tocila ba ta da hujjar neman ko ɗaya. Sababbin wayoyi suna nuna ɗan ɗigo a saman fuska duk sanda makirfo ko kyamara ke aiki.

Laftof ɗina Windows 10 ce, an ce ta daina aiki.

Tana aiki. Abin da ya tsaya ranar 14 ga Oktoba 2025 shi ne sabuntawar tsaro ta kyauta da Microsoft ke aikowa kowa, don haka ramukan da za a gano nan gaba ba lallai a toshe maka su ba. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, galibi Intel zubi na takwas zuwa sama, kuma da yawa cikin kwamfutocin gwanjo da ke hannun ɗalibai ba su kai ba. Mai shirin saye ya tambayi wannan kafin ya biya. Mai tsohuwa kuma yana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, sun ishi rubutu da bincike.

In nauyi ne damuwarta, sauya tsohon hadis, wato ma'ajiyarta, da sabon samfuri mai sauri da ake kira SSD ya fi duk wata dabara. Kuma bairos ya fi shigowa ta filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu da manhajojin sata da ake zubawa a kasuwa. LibreOffice kyauta ne, yana buɗe takardun Word da Excel.

Yaya zan rubuta ƙ, ɗ da ɓ a waya?

A Gboard, madannan rubutu na Google, shiga setin ɗinsa, wajen harsuna, ƙara Hausa. Daga nan in ba ka gan su a fili ba, danne k ko d ko b na ɗan lokaci, mai ƙugiyar zai fito. Akwai ƴ ma ga masu rubutu irin na Nijar. Ƙarin amfaninsa, zai daina mayar maka da kalmomin Hausa na Turanci da sunan gyara. A kwamfuta, Windows tana da madannan Hausa a cikin jerin harsunanta, akwai kuma Keyman da ake saukewa kyauta.